Wayar Goggo a Cikin Alkaki

Ni mutum ce mai mantuwa. Nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni, nakan nemi tabarau alhali yana kan hancina. Amma abin da ya faru a gidanmu bayan bikin ƙanwata, wannan ko na tsufa na manta hanyar unguwarmu ba na jin zai fita daga kaina. Shekaru sun ja, amaryar ma yanzu 'ya'yanta sun shiga makaranta, amma har yau in muka haɗu a gida aka rasa abin hira, da wani ya ce a tuna masa da wayar Goggo, shi ke nan dariya ta samu.

Goggo yayar mahaifinmu ce. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu na Sheshe, aka ba ta ɗakin da yake kusa da rijiya, ta ci gaba da sana'ar da ta gada a wajen kakarmu, wato yin kayan gara. Alkaki, nakiya, dubulan, cincin, babu wanda hannunta bai faɗa ba. In ana maganar alkaki daga unguwarmu har Madabo, sai an sako ta a ciki. Mace ce mai kyauta da son zumunci, kuma ba ta da riƙo. Sai dai Allah ya hore mata baki. In ranta ya ɓaci, maganar takan riga tunanin fitowa, sai ta gama zazzagewa sannan ta koma gefe tana istigfari.

Wayarta irin ƙananan nan ce masu madannai da tocila a ka, waɗanda samari suke yi wa laƙabi da rakani-kashi. Ba zan iya cewa ga shekarar da aka saye ta ba, na dai san ta girmi wasu yaran gidanmu. Lambobin da ke kan madannan duk sun goge, Goggo da yatsa take gane su. Murfin bayan da roba aka ɗaure shi. A fuskarta akwai wani baƙin tabo kamar an ɗiga tawada, ya rufe daidai inda sunan mai kira yake fitowa, don haka sai ka ɗauka kake sanin wanda ya kira ka. Amma fa wajen juriya ban ga irinta ba. Ta faɗo daga bene ta tarwatse, aka tsinto batir a gindin turmi, murfi a bakin kwata, aka harhaɗa ta kawo wuta kamar ba a yi komai ba. Caji kuwa in aka yi mata sau ɗaya, sai Goggo ta manta inda ta ajiye cajar kafin ta sake nemanta. In aka ɗauke wuta, mu masu manyan wayoyi muna lallaɓa ɗan abin da ya rage, ita da tocilarta ake neman ashana.

Aibunta ma ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, ba ta da sirri. Ko ba a saka ta a sifika ba, in mutum yana magana daga can, wanda yake zaure yana ji. Duk gidan mun san wadda ta biya da wadda take roƙon a yi mata ragi. Na biyu, in Goggo ta ƙulle ta a haɓar zane ta sunkuya, sai ta danna kanta ta kira sunan farko da ke ciki, wani Alhaji mai sayar mata da sukari a kasuwa. Bawan Allahn nan ya sha jin hirar gidanmu har ya gaji, wata rana ya aiko a ce wa Hajiya ya ji an ce tuwon ya ƙone, Allah ya kiyaye gaba. Na uku kuma, jan madannin nan na katse kira ya daɗe da mutuwa. In Goggo ta gama magana sai dai ta jira na can ya kashe, in ya ƙi ta zare roba ta cire batir.

Da na fara koyarwa na sami albashi, na sayo mata babbar waya ta shafawa, don masu son aiki sun fara turo hoton irin yadda suke so a jera musu kaya, ita kuwa tata ba ta san hoto ba. Ta yi kwana biyu da ita ta dawo min da abata. Hannunta kullum cikin mai da zuma yake, in ta shafa wayar ba ta jin magana.

"Ke Malama, karɓi kayarki," ta ce da ni. "Wannan ai jaririya ce. Kullum a ba ta abinci, a lulluɓe ta, a kiyaye kar ta faɗi. Ni na gama raino."

Haka hotunan suka ci gaba da zuwa ta wayata, ina kai mata tana kallo tana taɓe baki.

To, sai ga bikin ƙanwata. 'Yar ɗan'uwanta ce za a kai wa gara, don haka Goggo ta ce a wannan karon za ta nuna wa cikin gari abin da ta iya. Ranar kai gara gidanmu ya cika da mata, na gida da na maƙwabta da waɗanda ma ban san daga inda suka ɓullo ba. An jera sababbin bokitai masu murfi a tsakar gida, 'yan mata suna ƙulla alkaki a fararen ledoji suna shiryawa a ciki. Ita kuwa Goggo tana da al'ada, in tana aiki takan saka wayarta a farar leda ta ƙulle don kar mai ya shiga. Mai karatu ya riga ya hango inda aka dosa. Mu da abin ya faru a gabanmu, babu wanda ya hango.

Mota ba ta shiga lungunmu, sai da aka yi ta jidar kaya a ka zuwa bakin titi, aka loda a akori-kura, muka bi a baya zuwa Shahuci, gidan iyayen ango. Mahaifin ango ɗan kasuwar yadi ne a Kwari, dogo, mai furfura a gemu, wanda kowa ya sani ba ya wasa. 'Ya'yansa ma ba sa zama a gabansa sai ya ce su zauna. Mun tarar da shi yana shirin tafiya, an yi musu rasuwa a Borno, inda kakanninsu suka fito. Ya leƙo ya sa albarka a gurguje, ya sa aka shigar da kayan wani ɗakin ajiya da ke jikin zaure, ya ce kar a taɓa komai sai ya dawo da 'yan'uwansa mata a yi rabo a gabansu, kar wata ta ce an ware ta. Ya datse ƙofa da kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu ya shiga mota.

Muna dawowa gida muka tarar da Goggo tana kakkaɓe zane tana ɗaga tabarmi. Waya ta ɓata. Na kira da tawa, tana shiga. Aka ce kowa ya yi shiru, muka kasa kunne, babu abin da muka ji sai kukan akuyar maƙwabta. Aka duba buhun fulawa, aka tona toka a murhu, aka haska rijiya, aka zazzage kwandon shara. Daga ƙarshe na yi ƙarfin hali na ce, "Goggo, anya ba ta bi kayan gara ba?"

Ta yi min wani kallo. "Tun ba a haifi uwarki ba nake shirya gara, ko tsinke bai taɓa bin kayana ba. Kuma ai bayan an rufe bokitai na yi waya da mai mota."

Ta yi waya da mai mota, gaskiya ne, amma da wayar matar maƙwabcinmu, abin da babu wanda ya tuna sai daga baya. Mahaifiyarmu kuma ta ja ni gefe ta ce in bar maganar, ko da a can take, da wane baki za mu je gidan surukai mu ce a buɗe mana garar da muka kai mu duba wani abu? Ai sai a ce mun yi kyauta mun biyo ta.

Goggo ta yanke hukunci, sace ta aka yi. Na ce mata ɓarawon waya abin da yake fara yi shi ne ya kashe ta ya jefar da layin, ga wannan kuwa tana ta shiga.

"Ta ina zai kashe ta?" in ji Goggo. "Ni mai ita ma ban iya ba."

Na dai ƙara da cewa babu ɓarawon da zai wahalar da kansa a kan wayar da aka ɗaure da roba, sai ta ce ai ɓarayin yanzu babu albarka a lamarinsu, komai suka gani ɗauka suke.

Abin ya dame ta ƙwarai, kuma tana da hujja. Duk lambobin masu ba ta aiki a cikin wayar suke, ba a rubuta su a ko'ina ba, ga shi kakar biki ce. Irin waɗannan wayoyin in sun tafi sun tafi da komai, babu inda za ka je ka dawo da abin da ke ciki, babu kuma yadda za ka gano inda suke. Don haka sai ta mayar da ni ma'aikaciyarta. Da safe kafin in tafi makaranta, kira min ɓarawon nan. Na dawo da azahar, kira shi. Bayan la'asar, sake gwadawa. A makon kuma wuta ta yi ƙaura daga unguwarmu. Tawa wayar ta mutu ta farfaɗo a shagon mai caji ban san sau nawa ba, ta Goggo kuwa duk lokacin da aka kira tana nan tana shiga, babu mai ɗauka, ita kuma ba ta gaji ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne halin da muka jefa mutanen Shahuci. Wayar Goggo in an kira ta ƙara take yi tana kuma karkarwa. To a ƙarƙashin alkaki, cikin bokiti mai murfi, bayan ƙofa a kulle, ƙarar ba ta fita sosai, sai wani gurnani mai kama da nishin mara lafiya. Mahaifiyar ango ce ta fara ji tana wucewa ta zaure. Ta ce ko mage aka rufe. Aka yi ta kiran mage ta ƙasan ƙofa, shiru. Can da rana abin ya sake. Wata tsohuwa a gidan ta ce mage ba ta nishi a kan lokaci, wannan abin da safe yake yi, da azahar, da la'asar, kuma gidan tsohon gida ne, kowa ya san ba su kaɗai ne a cikinsa ba. Aka kawo garwashi aka yi turare a bakin ƙofa, aka tofa addu'o'i, yara suka daina bi ta wajen sai da gudu. An yi shawarar ɓalle kwaɗon, amma babu mai ƙarfin halin taɓa abin da Alhaji, mahaifin ango, ya kulle. Ashe duk mu ne aljanun, ni da Goggo, muna zaune a Sheshe muna danna kira.

Ranar da Alhaji ya kwana a gida bayan dawowarsa, da hantsi aka taru don rabon gara. 'Yan'uwansa mata sun zo, ga matan gida, ga ango ya kawo amarya daga gidansu da ke wajen gari ta gaida surukai ta yi musu ta'aziyya. Ƙanwata tana durƙushe a gefen tabarma, ta ja mayafi har goshi. Aka ba Alhaji labarin nishin, ya ce shirme ne, ya buɗe ɗaki ya sa aka fito da bokitai aka jera a gabansa.

A daidai wannan lokacin, a gidanmu, wata mata ta gama yi wa Goggo ƙorafi ta fita. Ta ce ta kira har ta gaji ba a ɗauka, ta ɗauka wulaƙanci ne, ta kai aikin bikin 'yarta wani wajen. Ranar babu makaranta, ina wanki a bakin rijiya. Goggo ta zo ta tsaya a kaina tana huci.

"Kira min shi."

Na goge hannu na kira, na saka a sifika na miƙa mata kamar kullum.

Ƙanwata ta ce min daga baya, tana jin bokitin tsakiya ya fara gurnani ta gane kiɗan, don da shi ta tashi. Matan suka watse aka bar Alhaji shi kaɗai. Ta so ta ce wayar Goggo ce, amma amaryar da ba ta yi sati biyu ba, a gaban surukinta da dangin miji, ina ta ga bakin magana? Ta dai ƙara sunkuyar da kai tana addu'a kiran ya tsinke. Alhaji ya yi bismillah ya buɗe murfi, ya ɗaga ƙullin alkaki ɗaya, biyu, ya zaro wata leda tana rawa a hannunsa. Ya kwance, ya duba fuskar wayar bai ga suna ba sai baƙin tabo, ya danna.

Mu kuma a nan sai muka ji an ɗauka. Muryar namiji, a nutse.

"Salamu alaikum."

"Kai har kana da bakin yin sallama?" in ji Goggo. "Yau Allah ya kama ka. Ɓarawon banza, mara tsoron Allah. Ka rasa abin da za ka sata a duk faɗin Kano sai wayar tsohuwa mai neman na tuwo? Ai ko a cikin ɓarayi kai ne na baya."

"Baiwar Allah, saurara..."

"Ba zan saurara ba. Ji muryarsa don Allah, wai ashe ma babba ne. Da girmanka da komai, ƙila har da gemu. Ka shigo gidan biki ka ci shinkafarmu ka sha zoɓonmu, sannan ka yi mana sata."

Ni tun daga sallamar jikina ya ba ni wani abu, don na san na taɓa jin muryar nan. Na fara jan hannun Goggo, ta doke ni. A can kuma Alhaji yana ta danna jan madanni don ya katse, wayar ta ce ba ta san zancen ba. Ya nisanta ta daga kunnensa, hakan bai rage komai ba, muryar Goggo ta cika tsakar gidan har ta fita zaure.

"Kana da 'ya'ya?" ta ce. "Na tambaye ka, kana da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"To Allah ya jiƙan 'yar mutanen da za ta auri ɗanka. Ta shiga uku, an kai ta gidan ɓarayi."

Sannan muryar ta ce, a hankali, ba tare da ta ɗaga ba, "Hajiya, 'yar mutanen da ta auri ɗana ga ta nan durƙushe a gabana. Wayarki kuma a cikin alkakinku na same ta. Bari in ba ta ku gaisa."

Sai muka ji wata 'yar siririyar murya. "Goggo, ina kwana."

Ban taɓa ganin mutum ya zauna irin zaman da Goggo ta yi ba. Kawai ta sami kanta a kan jiƙaƙƙen sumintin bakin rijiya. Ni na kashe kiran, don na san daga can ba za a iya ba. Ta yi ta salati tana maimaitawa, can ta ɗago ta ce in haɗa mata kayanta, ƙauye za ta koma wajen dangin kakarmu, ba za ta ƙara kwana a garin nan ba.

Yanzu muna ba da labarin muna dariya, amma a ranar babu wanda ya yi. Ba a jima ba ƙanwata ta kira ni daga bayan ɗaki tana kuka. Ta ce Alhaji ya ajiye wayar ya shige ɗakinsa, an fasa rabon. Mahaifiyar ango kuwa ta dube ta a gaban kowa ta ce, "Ashe haka ake kallon ɗana a gidanku." 'Yan'uwan Alhaji suna ta ƙus-ƙus, ango ya rasa inda zai sa kansa. Yarinya ko lallen hannunta bai goge ba, ga abin da ta fara da shi a gidan miji. Mahaifinmu da ya dawo aka faɗa masa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Yaya, bari in nemi liman mu je tare mu ba Alhaji haƙuri."

Goggo ta share ido ta ce, "A'a. Bakin da ya ɓata shi zai je ya gyara." Ta dube ni. "Ke kika danna kiran, tashi ki raka ni."

Bayan la'asar muka kama hanya a ƙafa ta cikin lunguna. Goggo da ba ta wuce ƙofar gida ba ta tsaya gaisuwa da tambayar masu jego ba, ranar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, har muka isa Shahuci ba ta ce da kowa ci kanka ba.

Aka yi mana iso ɗakin Alhaji. Yana zaune a kan darduma, matarsa a gefe ta kawar da kai. A gabansa ga wayar Goggo a kan faifai, an goge ta tas, robarta na nan. Muka durƙusa muka gaisa, muka yi ta'aziyya. Sannan Goggo ta fara, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san tana da ita ba. Ta ce ita ce ta yi, babu ruwan ɗan'uwanta, babu ruwan yarinya, ta yi zato ne kuma zato zunubi, a dubi girman Allah a yafe mata.

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki wayar yana jujjuyawa.

"Hajiya, kafin mu zo kan maganar, nuna min yadda ake kashe wannan abar. Babu inda ban danna ba."

"Ba ta kasuwa, Alhaji," in ji Goggo, kanta a ƙasa. "In ta fara sai ta gama, ko a cire batir."

"To," ya ce. "Ta biyo mai ita."

Na ciji leɓe na kalli tabarma. Ya juya wajen matarsa.

"Ke kuma da kike ta kumburi tun safe, yaushe aka fara jin haushin zagin Bafulatana? Ba ki san asalinsu ba ne? Kakansu da sanda ya shigo garin nan yana bin shanu. Mu Barebari tun kaka da kakanni mun saba, bayinmu ne, in sun ƙoshi da nono sai su juyo su zagi iyayen gidansu."

Duk mun san su mutanen Borno ne, su ma sun san mu Fulani ne, an yi wannan binciken tun kafin a sa rana. Amma iyayenmu da nasu duk a cikin ganuwa aka haife su, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ya ja mutum irin Alhaji da wasa. Shi da kansa ya buɗe ƙofar. Na ga Goggo ta ɗago kai a hankali, kamar shukar da aka ba ruwa.

"Alhaji, in ce dai ba mu ake kira bayi ba?"

"Da wa nake, in ba ku ba?"

Ta gyara zama. "To ni dai abin da na sani, an nemi kaya an rasa, an same su a ɗakin Babarbare a kulle, mukulli kuma a aljihunsa har Borno. Ko gaban alƙali aka je, ban yi ƙarya ba."

Mutumin da aka ce ba ya dariya, sai da ya jingina da bango yana share hawaye da hannun riga. Matan da suka laɓe a bakin ƙofa suna saurare suka fashe su ma. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin waya irin wannan ba, ta kwana da kwanaki a cikin zuma a ɗaki a kulle, ta hana gidansa sakat, ta fito kuma da ƙarfin zagin mutane, alhali tasa mai tsada kafin su kai Potiskum ta mutu. Ya yanke wa Goggo tara, duk sallah za ta aiko masa da alkaki nasa shi kaɗai, kuma a caje shi a bakin ƙofa kafin a shigo da shi.

Goggo ba ta bari wasan ya rufe komai ba. Ta matsa kusa da mahaifiyar ango ta kama hannunta ta ce, "Hajiya, ke ban da wasa tsakanina da ke. Da na san ɗanki da wani aibu, da ban tsaya a kan wuta ina soya masa alkaki ba. Ki yafe min don Allah." Matar ta ce ya wuce, amma a fuska bai gama wucewa ba. Uwa ce, an taɓa ɗanta a gaban dangin miji. Sai da aka yi watanni, Goggo tana aike tana zuwa dubiya, kafin ta saki jiki. Ranar sunan ɗan fari na ƙanwata na gan su a ɗaki ɗaya suna cin goro suna gulmar masu girki, na san magana ta mutu.

Da muka fito Goggo ta duba wayarta a zaure, saura sanda ɗaya ta caji. Ta ƙulle ta a haɓar zane, muna tafiya wayar ta danna kanta ta kira Alhaji mai sukari.

Na kai ta kasuwar waya a gyara jan madannin. Mai gyaran ya ce an daina kawo kayanta, sai da ya tono gawar wata irinta a ƙasan akwati ya ciro. Ta ƙara wasu shekaru tana aiki kafin batirin ya kumbura a rasa irinsa, dole Goggo ta haƙura aka sayo mata wata ƙaramar, mai madannai dai. Amma tun daga ranar nan, ko wa ta kira, ko da ni ce, sai ta yi sallama ta ce, "Da wa nake magana?" ta jira amsa kafin ta ɗora.

Ni kuma abin da na ɗauka ya fi ɗaya. A kan waya, na daina raina ƙaramar, na kuma daina yi mata yabon da ya wuce kima. Juriyar da ta sa aka gano ta ita ce ta ajiye ta da rai har ta kai zagin inda bai kamata ba, ƙarar da take sa tsohuwa ta ji kira daga bakin murhu ita ce ta tara mata shaidu. Yau a jakata guda biyu ne, babba don hoto da saƙo, ƙarama don ranar da babbar za ta ba ni kunya, kuma takan ba ni. Babban darasin kuwa ba a jikin waya yake ba. Na koyi cewa kafin ka saki magana ka san kunnen da za ta faɗa, don in ta fita babu batirin da za ka cire. Na kuma koyi wani abu a wajen dattijon nan. Yana da hakkin ya yi fushi, duk garin ma za a ba shi gaskiya, amma ya duba ya ga yarinya a durƙushe da tsohuwa a gabansa cikin kunya, ya nemo musu hanyar da za su tashi da mutuncinsu. Tun daga lokacin, in aka yi min laifi aka zo ban haƙuri, nakan tambayi kaina ko akwai irin wannan hanyar da zan buɗe wa mutum, kafin in tsaya lissafin abin da ya yi min.